Kaset ɗin Abijan da Ban Saurara Ba

Matso kusa, ƴar'uwa. Kai ma ɗan'uwa jawo tabarma, in faɗa muku abin da sanyin bana ya tono mini.

Kwana huɗu ke nan unguwarmu ba a jin kiran juna. An shiga gasar balo, wato ƙwallon ƙafa, ta ƙasashen Afirka, samari sun kafa tele bakin shagon mai cajin waya, kowane gida kuma da tashi ƙarar. Jiya da hantsi ɗana Audi, wanda ke Abijan, ya aiko mini saƙon murya har uku, duka kan balo. "Inna, kin ga wasanmu? Inna, ki sa mu addu'a." Na saurara, na maida, na ƙara saurara. Sai na ga na aje muciya cikin tukunya na zauna, tuwo na neman ƙonewa. Sanyin nan mai tsaga leɓe, ihun maza daga nesa, da murya daga Abijan: abu uku sun haɗu mini wuri ɗaya, kamar wancan karon.

Lokacin shekarata biyu da aure, a wani ɗan ƙauye gefen Ibohaman, ƙasar Keita. Masu boko sun ce farkon shekarun casa'in ne. Ni da cikin Audi nake ƙidaya, don yana wata uku a jikina, ba wanda na gaya ma.

Damina ta yanke mana da wuri waccan shekara. Hatsi ya fidda kai, ruwa ya ɗauke, iska ta busar da shi tsaye. Abin da munka ɗaure bai kai rabin rumbu ba. Ana gama tsince wake maza sunka fara ɗaure jaka, tafiya biɗa. Wasu Najeriya, wasu Gana, mafi yawa Abijan. Maigidana na cikin na Abijan. Sunanshi ban taɓa faɗa ba, ba kuma yau za ni fara ba. Gida ya rage mu huɗu: surukina Baba, matarshi Inna, ƙanin maigidana Sahabi, wanda anka bari don dabbobi, sai ni.

Abin da ya riƙe mu shi ne aikin furoje, wani shirin taimako na gyaran ƙasa. Ana fita fako a kwaso dutse a ka, a jera shi layi-layi don ya tare ruwa in damina ta zo, a biya mu da abinci. Kusan duk mata ne. In na tashi da asuba, ruwan randa kamar ya ciji hannu. In ja guga, in surfa ɗan abin da Inna ta auno, in dama fura mai ruwa-ruwa wadda in ka leƙa kana ganin fuskarka, sannan in ɗauki gammo in bi sawun mata. Dutsen da ya kwana cikin sanyi, in kin taɓa shi da yatsun da sunka tsage, har cikin haƙori kike ji. Kafin rana ta take kuma, mu da munka fito muna makyarkyata mun jiƙe da zufa. Muna tafe muna waƙa, muna tsokanar mai duba aiki. Ranar rabo a ba mu dawa ja, da mai, da kifin gwangwani. Inna ta kan buɗe gwangwani ɗaya ta wargaza shi cikin miyar kuka ta kwana biyu. Ƙamshin ake ci, ba kifin ba.

To, a zamanin nan ba waya. Ba mu kuma iya karatun wasiƙa, in ka kai ma wani ya karanta, asirinka ya shiga gari. Sai kaset. Mai biɗa ya sami manyeto, wato rediyo mai cin kaset, ya zauna ya yi ta magana, ya ba wanda zai zo gida. A taru a saurara. In an gama, a kan wannan kaset ɗin dai ake ɗora amsa, a shafe tashi muryar a sa tamu, a maida mai. Haka kowa ke yi, ba mai sayen sabo. Kaset ɗaya ne yake kai da kawo, sau ɗaya a rani, in an yi sa'a sau biyu.

Ranar wata Juma'a sai ga Nomau, abokin maigidana, ɗaki ɗaya suke kwana a Abijan. Gaisuwar rasuwar kawunshi ta kawo shi, Litinin da sassafe zai koma. Ya miƙa ma Baba kaset naɗe cikin tsumma, da pil, wato batir, shida sababbi. Manyeto muna da shi, maigidana ya kawo bara waccan, amma ya yi wata biyu bebe. Pil ɗinshi Sahabi ya shanya su a rana bisa rumbu har sun gaji da shanya.

Bayan la'asar anka shimfiɗa tabarma. Ni na raɓe bayan Inna, kaina ƙasa, kunnena sama. Muryar maigidana ta fito, ya fara da Baba, ya gaida Inna, ya bi dangi ɗaya-ɗaya, liman, maƙwabta, har jakin gida sai da ya tambaya ko ƙafarshi ta warke. Sai ya shiga zancen balo.

Ku sani, Baba da ƙuruciyarshi Kumasi ya yi biɗa, da ƙafa ya je. Shi duniya daga Gana ta fara, can kuma ta ƙare. Sai muka ji muryar ɗanshi na cewa: "Baba, an fara gasa. In Allah ya haɗa mu da mutanenka na Gana, ka yi haƙuri tun yanzu."

Baba ya nuna manyeto da sanda. "Ji marar kunya! Sanda nike Kumasi, Abijan ɗin taku ko fitila ba ta da."

"Baba, ba ya jinka hwa," in ji Sahabi.

"Shina ji. Jinina ne."

Anka yi dariya. Dama kowa ya riga ya sani, Nomau ya zo da labari daga tasha: Gana da Kodibuwa, ƙasar da Abijan take, su ne za su yi wasan ƙarshe, jibi Lahadi.

Da fuskar farko ta kaset ɗin ta zo ƙarewa, sai muryar ta sauka, kamar mai sosa ƙeya. "Baba, a gafarce ni. Fuska ta biyu ta mai ɗakina ce. A ba ta manyeto ta shiga ɗaki ita ɗaya."

Sahabi ya yi fito. "Iye! Matata, rabin kaset sukutum? Mu duka gida rabi, ke ɗaya rabi?"

Ban san sanda na kai madafa ba. Fuskata kamar an kara mini garwashi. Da anka watse Inna ta biyo ni da manyeton a hannu. "Ungo, shiga ki ji abinki."

"Inna, bari gobe."

"Mi ke gare ki yau?"

Ba abin da ke gare ni. Baba na zaune tsakar gida yana jan tasbaha, ɗakina zana ɗaya ya raba shi da nashi. In ɗauki manyeto in wuce ta gabanshi, in tura ƙyaure, kowa ya san abin da nake yi? Ƙafata ba ta ɗauka. In kuma faɗi gaskiya, akwai daɗi cikin ajiyar. Kamar ki tura tsokar nama ƙarƙashin tuwo, kina ci kina sane da ita. Na kwana ina shirya amsar da zan ɗora mai a fuskar nan tawa, da yadda zan gaya mai zancen cikin ba tare da na faɗa ƙarara ba.

Asabar na tafi dutse. Kafin in dawo Baba da Inna sun ɗora amsarsu a fuskar farko. Ina sauke gammo Sahabi ya tare ni bakin turke, ya langaɓe kai.

"Matata, ki rufa mini asiri. Duk garin ga pil shida ne masu rai, su ne waɗanga. In kin ji taki yau, gobe tsakiyar wasa za su mace, maza su cinye ni ɗanye."

"To ni ina ruwana da balo?"

"Mijinki ne ke wasa hwa! Bari a gama, in kawo miki shi har ɗaki. In tsaya ma bakin ƙofa in kore miki kaji."

"Kai ne babban kazar da za a kora."

Na yarda. Har wani sauƙi na ji, an ƙara mini kwana ɗaya. Ya juya kaset ɗin zuwa fuskata, ya maida zaren farko da bik ɗin rubutu don kada a ɓata pil, ya rufe shi cikin manyeton ya ce, "Ga shi nan, yana jiranki."

Lahadi tun la'asar ƙofar gidanmu ta cika. Sahabi ya ɗaura waya jikin eriya ya hau da ita itacen dogon yaro. Anka hura wuta da kara saboda sanyi. Tsofaffin Kumasi sunka zauna gefen Baba, duk mai ɗa ko ƙane a Abijan ya koma gefen Nomau, don shi ke fassara. Mu mata muna bayan zana, muna tuƙi muna kasa kunne. Ni ban jin faransanci, amma muryar mutum ba ta ɓoye mini abu. In mai maganar ya fara sauri yana hawa sama, in ce ma mata, "Ga su nan bakin gida." In ya faɗo, in ce, "Ta wuce." Har wata maƙwabciya ta ce Nomau ya tashi in zauna.

Anka yi ta bugawa ba wanda ya ci. Baba na cewa, "Wasa su kai da ku, kamar kyanwa da ɓera." Nomau na cewa, "Baba, kyanwar taka ta tsufa." Magariba ta yi, ban taɓa jin sallar da anka idar da sauri irin ta ran nan ba. Anka dawo, anka ƙara lokaci, shiru. Sai anka koma bugun daga kai sai mai tsaron gida. Wannan ya ci, wancan ya ci. Wannan ya ɓarar, wancan ma ya ɓarar. Har masu tsaron gidan sai da sunka buga. Muryar manyeton kuwa ta fara shaƙewa, Sahabi ya manna shi a kunne yana faɗa ma Nomau, Nomau na faɗa ma jama'a. Tuwona ya huce cikin akushi ba wanda ya waiwaye shi.

Sai Sahabi ya daka tsalle. Abijan ta ɗauki kofi.

Ban taɓa jin ƙauyenmu ya yi irin ƙarar nan ba. Mutanen da ba su ƙoshi ba tun kaka, suna rungume juna, suna buga garwa. Cikin hayaniyar na ji Sahabi na cewa, "Wallahi sai Yaya ya ji wannan da kunnenshi! Ku matso, ku matso, a ɗauka!" Murna ta ɗebe mai hankali, ya manta abin da ke ciki. Na leƙa ta hudar zana, yatsanshi na bisa jan maɓallin ɗaukar murya.

"Tsaya," in ji Baba. Duk da an ci mutanenshi, shi kaɗai ya tuna. "Wagga fuska da mai ita." Ya juyo wajen zana. "Ɗiyata!"

"Na'am, Baba."

"Kin ji saƙonki?"

Maza cike da ƙofar gida, da liman, da abokan maigidana, kowa ya juyo yana jiran bakina. Kalma uku ce, ban ji ba. Da na faɗe ta, da Baba ya karɓe manyeton ya miƙo mini ta bisa zana. Amma sai in ɗauka gaban garin duka in shige ɗaki, suna tsaye suna jira in gama jin zancen mijina. Kuma tsoho ya gane Sahabi ne ya hana ni, ya ci mai mutunci cikin mutane ranar murnarshi.

Na ce, "Na ji, Baba."

Sahabi ya tsaya da baki buɗe. Sai ya fashe da dariya. "Ashe ɓarauniya gare mu cikin gida! Da na tahi ban ruwa da safe kika sace ji ko?" Jama'a sunka kwashe da dariya, ya danna.

Kowa ya zuba abin da ke bakinshi. Anka yi waƙa, anka tsokani Baba. Sai Sahabi ya ɗago manyeton bisa zana. "Matata, rangaɗa ma Yaya guɗa!" Na toshe hanci na saki. Tunda nake ban taɓa yin guɗa mai tsawo irin wannan ba, don na san in na tsaya kuka ne zai fito. Ina cikin yi pil sunka mutu. Nan take anka naɗe kaset cikin tsummanshi anka ba Nomau, da asuba ya bi motar kasuwa.

Ina wanke akushi Inna ta tsaya kaina. "Kin yi ma tsoho ƙarya."

"Ba komi, Inna. Ai da damina zai dawo, ya faɗa mini da bakinshi."

Ta dube ni, ta dubi cikina, ta ɗauki tsintsiya ta fita.

Sanyi ya wuce, bazara ta shigo da ƙarfinta. Rijiya ta ja baya, igiya biyu muke haɗawa, a jira ruwa ya taru a kwarfo shi da laka. Dutsen fako da ke cizo da sanyi ya koma ƙuna, sai an naɗe hannu da tsumma. Rumbu ya kai ƙasa, Baba ya daina bari kowa ya leƙa. Munka koma anza, ƴaƴan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa kwana da kwanaki ana zubar da ruwan kafin su ciwu. Da rana in kin kwanta bisa tabarma kamar an shimfiɗa ta kan tanda. Cikina ya fito, Inna ta hana ni ɗaukar dutse. Duk tsawon lokacin nan abin da nake taunawa ke nan: mi ya ce? Ko sabon ɗaki zai gina mini? Ko yana so in bi shi Abijan baɗi? Ko dai faɗa ne? In yi dariya ni kaɗai, in ce ya kusa zuwa, zan sa shi ya maimaita daga farko.

Ruwan farko ya sauka wata Laraba da rana tsaka. Ƙamshin ƙasa ya tashi har cikin maƙogwaro, yara sunka fita tsirara, Sahabi ya ɗauko sungumi. Munka yi shuka, ni ina jefa iri ina takewa da diddige, a hankali saboda nauyi. Lokacin dawowar masu biɗa ke nan. Kowace mace kunnenta na hanya. Ni kan riga kowa jin mota tun tana bayan tudu.

Kwana shida da shuka na ji ta. Maza sunka yi ta sauka da akwatuna. Nomau ya sauko da jaka biyu. Bai nufi gidansu ba, ya nufo namu, yana tafiya kamar mai taka ƙaya. Baba na ganin jakar ta biyu ya aje fartanya ya zauna ƙasa.

Zazzaɓi ne ya kama maigidana, kwana huɗu. Can anka rufe shi.

Cikin jakar akwai turmin zane, da takalmin Baba, da kaset ɗin.

Na shiga takaba, na haihu cikinta, anka sa ma yaro Audi, sunan wanda bai tarar da ubanshi ba. Bayan arba'in Nomau ya zo barka, Inna na zaune. Na daure na tambaye shi ko ya san abin da ke fuskar nan tawa.

"Wallahi ban sani ba. Ran da zai yi miki magana kore mu ya yi daga ɗaki, ya sa sakata. Ya daɗe. Sau ɗaya dai munka ji ya yi dariya. Amma da na kai mai amsa, ya ji guɗar nan taki, sai ya bugi cinya ya ce, 'Alhamdu lillahi, ta yarda.' Kullum in mun taso aiki sai ya maida wurin ya ƙara ji."

"Na yarda da mi?"

Nomau ya dube ni. "Ke za a tambaya."

Sahabi na bakin ƙofa, ya ji komi. Ranar kasuwa ya dawo da pil shida, ya sa su cikin manyeto, ya aje mini bakin ɗaki, ya juya ya tafi. Daga ran nan bai ƙara ce mini matata ba.

Da hantsi ne, kowa na gona. Na tura ƙyaure, Audi na cinyata, na danna. Ga ihun garinmu, ga garwa, ga Baba na cewa, "Ku gaya mai na ji, saura baɗi." Da yake pil na mutuwa sanda anka ɗauka, muryoyin sai ƙara sirancewa suke, kamar na tsuntsaye. Ga guɗata, siririya, doguwa. Ta yanke. Zare ya yi shuu.

Sai ga muryarshi. Ashe shafewar ba ta kai ƙarshe ba.

"...to, shi ke nan. Kin dai ji. In kin yarda, ki yi mini wata alama nan, ni ɗaya za ni gane. Sai Allah ya kawo mu damina."

Iyakar abin da ya rage ke nan. Na maida shi ban san sau nawa ba, har pil ɗin nan ma sunka mutu.

Baba ya rasu bai san na yi mai ƙarya ba. Layukan dutsen da munka jera suna nan, itace ya rufe fakon. Kaset ɗin na cikin kwallata, zarenshi ya bushe, ba kuma manyeton da zai ci shi. Yanzu magana ba ta da wuya, matar Audi na tsakar gida gaban kowa take kara waya a kunne tana dariya da mijinta, ni ma in taya ta. Wayata kullum cike take, don ban taɓa shafe murya ba. Audi na ta mita, "Inna, har gaisuwar bara kin aje?" In ce mai bar mini kayana.

Ba na jin haushin balo. In an ci ina jin ihu, har in gane wane gefe ne tun ba a faɗa mini ba. Guɗa ce dai ban ƙara yi ba, ko ranar auren Audi wata na roƙa ta yi mini. Maigidana ya tafi da farin ciki, wannan na riƙe. Na ba shi amsa, amsar ta yi mai daɗi. Tambayar ce ban ji ba.

Ke da kika zauna da ni har nan, kai ma da ka jawo tabarma, ku faɗa mini: da mi kuke jin na yarda?